Idan ambaliya ta tara jama'a a firamare, yaya ake kare mata da 'yan mata?

Sakatariyar Kwamiti ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina cikin kwamitin mata na wata unguwa a nan cikin Kano, irin unguwannin nan na gefen kwatar Jakara da ruwa kan shiga wa gidaje idan Agusta ta yi nauyi. Abin da aka saba, in gidaje sun cika da ruwa ko katanga ta faɗi, mai unguwa ya nemi izini a buɗe firamare, jama'a su zuba a azuzuwa har ruwa ya janye. Shinkafa da tabarma da gidan sauro kowa yana tunawa da su. Tsaron mata da 'yan mata a irin wannan cunkoso ne ba a taɓa zama an tsara ba, sai bayan an watse a riƙa jin ƙishin-ƙishin.

Bana muna so mu shirya tun kafin ruwa ya kankama. Mu ba ma'aikatan lafiya ba ne, kuɗinmu kuma kaɗan ne. Me ya kamata mu gyara a makarantar? In kuma, Allah ya kiyaye, aka yi wa wata fyaɗe ko aka ci zarafinta, ina za mu fara kai ta, asibiti ko caji ofis? Don Allah masu sani a yi mana dalla-dalla.

Ma'aikacin Agaji ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri da kuka tuna da wannan tun yanzu.

Abu na farko, kada ku jira sai wata ta kawo ƙara kafin ku yarda akwai matsala. Ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2015 sun ce a ɗauka cin zarafin yana faruwa a duk inda aka tara mutanen da suka rasa matsuguni, ko an ji labari ko ba a ji ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko an ji musu ciwo, kashi 9 an ci zarafinsu ta hanyar jima'i, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Wannan a zaman lafiya ke nan, kowa yana ɗakinsa da ƙofarsa.

Ku fara da zagaya makarantar sau biyu, da rana sannan bayan Magariba. Ku tafi da 'yan mata daban, matan aure daban, domin budurwa ba za ta buɗe baki a gaban uwarta ko surukar yayarta ba. Ku tambaye su wuri ɗaya-ɗaya: nan za ki iya zuwa ke kaɗai da dare? Inda suka ce a'a, nan aikinku yake.

Banɗaki ne zai fi cin hankalinku. A yawancin firamarenmu yana can ƙurya jikin katangar baya, ba ƙyaure, ko kuma ƙyauren yana da wurin kwaɗo ta waje amma ba sakata ta ciki. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne masai ɗaya ga mutum 20, kada nisansa da wurin kwana ya wuce mita 50, a raba na maza da na mata, kuma na mata ya fi yawa, wajen uku ga kowane ɗaya na maza, domin su ne ke shiga da yara. Rabuwar ta zama ta gaskiya. Idan ƙofar maza tana kallon ta mata, ko hanya ɗaya ake bi, rubuta "Mata" a jikin bango bai raba komai ba. A sa sakata ta ciki a daidai inda hannun yarinya zai kai, a toshe ɓulolin bango da ƙasan ƙyaure. Wurin wanka kuma a duba shi daga sama: in akwai bene ko bishiya ko katangar da za a hau a leƙo, a rufe da langa-langa ko tamfol.

Ga abin da ke biyo baya in ba a gyara ba. Mata su daina shan ruwa da yamma don kada fitsari ya kama su, su riƙe bayan gida har tsakar dare ko asuba, lokacin da ba kowa a hanya. Wato rashin sakata shi ke tura su fita a lokacin da ya fi haɗari.

Sai haske. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi fitilar sola ɗaya a kafa a bakin banɗakin mata. Tunda nan ne kawai ke da haske, nan samari za su shimfiɗa benci, mai shayi ya biyo su, mata kuma su daina zuwa. A haska hanyar gaba ɗaya, a haska wani wuri dabam kusa da ƙofar shiga don zaman maza da cajin waya. Kowane ɗakin mata ya samu tocila aƙalla biyu da usur.

Wurin kwana: zawarawa, matan da mazajensu suka tsaya gadin gida, 'yan matan da ba sa tare da iyayensu, kurame da masu taɓin hankali da guragu, waɗannan a ba su azuzuwan tsakiya kusa da inda matan kwamiti ke kwana. Su ne aka fi turawa ajin ƙarshe saboda ba su da mai yi musu magana, kuma su ne mai mugun nufi ya fi nema. In iyalai za su haɗu a aji ɗaya, a raba da labule ko tamfol. Ƙofa ɗaya ta shiga makarantar, da littafin rubuta baƙi. 'Yan sintiri su tsaya a ƙofa da bayan katanga, zagayen ciki da dare na mata ne, su biyu-biyu. Namiji ba ya shiga ɓangaren mata shi kaɗai, ko wane ne shi, ko da sunan kawo taimako.

Wannan ya kawo ni kan rabon kaya, wanda a ganina ya fi duhu haɗari. A Oktoban 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yi lalata da su a sansanoni bakwai na Maiduguri, kuma waɗanda aka zarga sun haɗa da jami'an tsaro, 'yan sa-kai da shugabannin sansani. Masu riƙe da ƙofa da abinci ke nan. Duk wanda ke da ikon saka suna ko cire suna a takardar rabo, yana da abin da zai yi ciniki da shi. Don haka:

Kada takardar sunaye ta zauna a hannun mutum ɗaya. Mutum uku su sa hannu, biyu daga ciki mata. A sanar da lasifika kafin kowane rabo cewa kayan kyauta ne, ga adadin da kowa zai samu, kuma duk wanda ya nemi wani abu a madadinsu ga wadda za a faɗa wa. A yi rabo da hantsi a gama kafin La'asar, layin mata daban. Kati ya fita da sunan matar, a gidan da ke da kishiyoyi kowacce da nata, in ba haka ba wadda ba ta da fada ita da 'ya'yanta za su kwana da yunwa. Kada a ba mace buhu mai kilo 50, domin dole ta nemi mai ɗaukar mata, kuma bashin da ba a faɗa ba daga nan yake farawa. A kasa shi ƙulli-ƙulli yadda za ta iya ɗauka da kanta.

Duk mai aikin sa-kai, har direba da mai gadi, a karanta masa sharaɗi ya sa hannu: ba neman mace da kayan tallafi, ba hulɗa da yarinyar da ba ta kai 18 ba, ba karɓar lambar wayar 'yan mata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa ma'aikatanta irin wannan doka tun 2003, ba abin da zai hana kwamitin unguwa ya ɗauka.

Cikin abin da za ku roƙa daga hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ko Red Cross ko masu hali, ku sa audugar mata, zane, hijabi, kamfai, sabulu da bokiti mai murfi a layi ɗaya da abinci. Yarinyar da ruwa ya tafi da kayanta tana al'ada ba za ta fito karɓar komai ba. Ruwa kuma a kawo shi cikin makarantar, ko da 'yan ga-ruwa za a biya, lita 15 ga kowane mutum a rana shi ne mafi ƙaranci. A haɗa da gawayi. Aiken yarinya ɗebo ruwa ko sayo itace bayan Magariba ya tsaya.

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

Anti, amsar tambayarki ta biyu: asibiti tukuna. Ba a buƙatar takardar 'yan sanda kafin a duba ta. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Ƙara tana iya jira zuwa gobe ko jibi, magani ba ya jira.

Ku haddace awa 72 da awa 120.

Maganin kariya daga ƙanjamau, wanda muke kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72 daga lokacin da abin ya faru, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ga babba ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kwana 28 ba fashi. Yara ana auna musu nasu da nauyinsu. Inda ake samun matsala shi ne a sha kwana biyar ko shida, tashin zuciya ko ciwon kai ko rashin barci ya dame ta, ta ajiye. Ko kuma ta ji kunyar a ga robar maganin a cikin cunkoso a ce tana da cutar. Ku samo mata wata roba marar rubutu da wurin ɓoyewa, wata amintacciya ta riƙa tuna mata. Kada ta haɗa shi lokaci ɗaya da maganin gyambon ciki mai alli ko maganin ƙarin jini, suna hana shi shiga jiki, a bar tazara yadda likita ya faɗa. Za a yi mata gwaji ranar farko, a maimaita bayan wata uku.

Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, kwana biyar ke nan, amma ya fi ƙarfi a kwana ukun farko. Levonorgestrel ne miligiram 1.5 a sha sau ɗaya. In Postinor-2 aka samu mai ƙwaya biyu, a haɗiye su tare. Jinkirta fitar ƙwai yake yi, ba ya zubar da cikin da ya riga ya shiga, wannan ya kamata iyaye su ji da kyau domin da yawa kan ƙi shi bisa zaton zubar da ciki ne. In ta yi amai cikin awa biyu da sha, a sake ba ta. In al'ada ta yi jinkirin fiye da mako guda, a yi gwajin ciki. Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi, ko ba ta fara al'ada ba, ita ma ana duba ba ta.

Sauran: maganin cututtukan sanyi ana bayarwa nan take ba tare da jiran gwaji ba, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ga wadda ba a taɓa yi wa ba, da allurar tetanus in akwai rauni, musamman ga wadda ta taka ruwan ambaliya da ciwo a jiki.

A nan Kano akwai cibiyar Waraka a cikin Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, an kafa ta ne musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe, mata da maza, manya da yara. Ana duba lafiya, a rubuta rahoton likita, a ba da shawara, a haɗa mutum da lauya in yana so. Asibitin Malam Aminu Kano da na Nassarawa su ma suna karɓa. In dare ne ko hanya ta yanke, ku je sashen gaggawa na asibiti mafi kusa da ke ba da maganin ƙanjamau, a fara PEP, sauran a ƙarasa da safe.

Game da shaida. In za ta iya haƙura, kada ta yi wanka ko tsarki da sabulu ko ta canja kaya kafin a duba ta. Na san wannan yana da wuya, domin abin da zuciyarta ke so shi ne ta wanke jikinta, uwa ma abin da take fara yi ke nan, ta dafa ruwan zafi da bagaruwa ta gasa yarinya. Gashin nan yana wanke shaida, yana ƙona wurin da ya riga ya yage, kuma yana cinye kwanakin da magani zai yi aiki. In an canja kaya, a shanya su a inuwa su bushe, a naɗe kowanne daban a takarda ko ambulan. Ban da leda, domin danshi yana ruɓar da abin da ake nema. In kuwa ta riga ta yi wanka, ko kwana uku sun wuce, ko ma wata guda, a kawo ta duk da haka. Akwai raunin da za a ɗinke, cutar da za a kashe, cikin da za a gano da wuri.

Waɗannan ba sa jiran safiya: jinin da ya ƙi tsayawa, ciwon mara mai tsanani, suma ko ruɗewa, zubar fitsari ko bayan gida ba da saninta ba, da wadda aka shaƙe wa wuya ko da ba tabo, in muryarta ta dishe ko haɗiya na yi mata wuya. Mai yoyon fitsari akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala ɗin.

Roƙona na ƙarshe, kada a kira unguwarzoma ko wata tsohuwa ta "duba ko an shige ta". Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa gwajin budurci ba shi da tushe a ilimin likita. Ana yi wa yarinya fyaɗe a duba ba a ga yagewa ba. Dubawar ƙarin cin zarafi ce, kuma sakamakonta kan sa a ƙaryata mai gaskiya.

Baban Yara ya rubuta:

Na ƙaru ƙwarai. Amma ina da damuwa a matsayina na uba. Mu a nan abin da muke tsoro shi ne sunan yarinya. Da zarar an je caji ofis magana ta fita, gobe ba mai aurenta, ƙannenta ma abin ya shafe su. Shi ya sa mutane ke gwammace a kira mai unguwa da liman da iyayen yaron a kashe wutar a cikin gida, ko a kai Hisbah. Ba ina kare mai laifi ba ne, ina tambaya ne ko akwai hanyar da za a bi haƙƙi ba tare da an tona asirin yarinya ba.

Barista ta rubuta:

Baba, damuwarka gaskiya ce, kuma duk tsarin da bai amsa ta ba iyaye ba za su bi shi ba. Sai dai a duba wa sulhun yake rufa wa asiri. A zaman sulhu akwai mai unguwa, liman, iyayen yaro, baffanninsa, wani lokaci da maƙwabta. Kafin a tashi mutum goma sun ji, matansu kuma za su ji da dare. A asibiti likita ne da nas. Ƙarshen sulhu yaron ya koma gida, yarinya ta ci gaba da ganinsa a layin ɗiban ruwa, shi kuma ya koyi cewa abin kuɗi ne kaɗan da ban haƙuri. Ta gaba da zai taɓa tana cikin makarantar nan.

Ta fuskar doka, fyaɗe yana sashe na 282 na kundin Penal Code, hukuncinsa a sashe na 283, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Yarinyar da ba ta kai 14 ba, ko mai taɓin hankali, ba a ma maganar ta yarda ko ba ta yarda ba. Laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, ba ya cikin waɗanda ake yafewa a zaure, kuma karɓar kuɗi don a ɓoye mai laifi shi ma laifi ne. Kano tana da dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2023. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015, wadda ake kira VAPP, ba ta hawa kan jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta, don haka kada ku dogara da abin da kuka ji ana yi a Abuja, ku tambayi lauyan da ke aiki a kotunan Kano.

Ta fuskar addini ma wadda aka tilasta ba ta da laifi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa hukunci yana kan wanda ya tilasta, ita ba komai a kanta, har ma sai ya biya ta sadakin irinta. Ku nemi limaminku ya faɗi wannan a huɗuba kafin damina, domin uwa da yawa na ɓoye 'yarta ne bisa zaton ita ma ta yi zunubi. Rahoton likita da aka rubuta da wuri kariya ce gare ta in daga baya ciki ya bayyana. Aurar da ita ga wanda ya yi mata kuwa, don a rufe magana, miƙa ta ne ga wanda ya cuce ta har abada.

Yadda ƙara ke tafiya: a kai rahoto caji ofis, a nemi jami'a mace ko teburin da ke kula da mata da yara. Daga nan fayil ya wuce sashen binciken manyan laifuka a Bompai, a gurfanar da wanda ake zargi gaban majistare don a tsare shi, Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, sannan Babbar Kotu ta saurari shari'ar. Tana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Abin da ya fi kashe irin wannan shari'a guda uku ne: babu rahoton likita, iyaye sun gaji da kuɗin mota da ɗage zama, ko an matsa musu sun daina kawo yarinya. Maganin na biyu da na uku shi ne kada iyali su tafi su kaɗai. FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, tana da reshe a Kano, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, musamman in abin ya haɗa da kai yarinya aikatau ko safara. Lauya na iya roƙon kotu ta saurari shaidar yarinya ba a bainar jama'a ba.

Hisbah tana da amfani a rikicin aure, ciyarwa, da matar da aka kora da 'ya'ya. In an kai mata maganar fyaɗe, inda za ta ƙare dai wurin 'yan sanda ne, don haka kada a ɓata awa 72 ana jiran zama. Mai unguwa kuma aikinsa babba ne, amma ba alƙalanci ba: ya hana dangin yaro zuwa matsa wa iyalin, ya hana matasa ɗaukar doka a hannu, ya tsawatar wa masu yaɗa magana. Duka ko ƙona wanda ake zargi yana mayar da shari'ar kan 'yan'uwan yarinyar. Sanya hotonta ko sunanta a Facebook ko WhatsApp da sunan nema mata haƙƙi kuwa, wannan shi ne tonon asirin da kake tsoro, Baba.

Sakatariyar Kwamiti ta rubuta:

Allah ya ƙara ilimi. Saura biyu. In mace ta faɗa mini amma ta ce kada kowa ya ji, har asibiti ba za ta ba, yaya zan yi? Sannan dukan da miji ke yi, wanda muka lura yana ƙaruwa in mutum ya rasa jari da muhalli, shi ma namu ne ko na iyayensu?

Jami'ar Walwala ta rubuta:

Yaya, in babba ce mai hankalinta, zaɓi nata ne. An riga an yi mata abu ba da sonta ba, kada taimako ma ya zo mata ta wannan hanya. Ki kai ta inda ba mai ji, ki zauna, ki saurara. Ki ce mata kin yarda da ita, ba laifinta ba ne, kuma ta yi daidai da ta faɗa. Ban da "me ya kai ki can", "me ya hana ki ihu", "me kika saka". Mutum kan sandare don tsoro ya kasa ko motsi, wannan sananne ne. Kada ki nemi ta ba ki labarin filla-filla, ba aikinki ba ne bincike, kuma kowace maimaitawa sabon ciwo ce.

Sai ki gaya mata gaskiyar lokaci: akwai maganin da ke hana cuta da ciki, kwana uku ne da biyar, zuwa asibiti ba ya nufin an kai ƙara, kuma za ki raka ta a ce zazzaɓi ne ko awo. Da yawa da suka ce a'a, tsoron 'yan sanda ne ya hana su, in sun ji an raba biyun sai su yarda. In ta dage, ki bar ƙofa a buɗe, ki sake leƙa ta gobe. Ki tambaye ta ko wanda ya yi yana nan kusa, kuma ina za ta kwana yau.

Kada ki yi alƙawarin ɓoye komai kafin ki ji. Tun farko ki ce: abin da za ki faɗa zai tsaya a wurina, sai dai in rayuwarki ko ta wani na cikin haɗari, ko in yarinya ce ƙarama. Ga yarinya, a nemo babba da ita kanta ta amince da shi, kada a ɗauka cewa uba ko kawu ne, domin sau da yawa mai laifin na gida ne ko wanda aka sani. Ba a mayar da ita ɗakin da yake kwana. In ta ambaci kashe kanta, ba a barin ta ita kaɗai, a kai ta ga likita ranar.

Kwamiti kada ya buɗe littafin sunayen waɗanda aka ci zarafi, kuma kada a tattauna maganar wata a taro ko a guruf. Mata biyu kawai a ware wa wannan aiki. A keɓe aji ɗaya na mata zalla inda ake kitso, awon jarirai, karatu da rabon audugar mata, yadda duk wadda ta shiga ba wanda zai san abin da ya kawo ta. In aka rubuta a ƙofa cewa nan ne wurin kai ƙorafin fyaɗe, ba wadda za ta taka.

Dukan miji naku ne, kuma shi za ku fi gani. Rashin jari yana ƙara shi, amma ba uzuri ba ne, maza nawa suka rasa komai ba su ɗaga hannu ba. Kada ku haɗa su a zama ɗaya ku ce ta faɗi laifinsa a gabansa, za ta yi shiru ko ta biya da dare. Ku ji ta ita kaɗai, ku tambaya: ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cewa zai kashe ki, ko ya ɗauko wuƙa? Yana dukanki da ciki? Dukan yana ƙaruwa? In ta amsa e ga ɗaya daga ciki, maganar ta wuce "ki yi haƙuri", ana neman inda za ta kwana lafiya ne, gidan iyaye ko wata 'yar'uwa, a sanar da Ma'aikatar Mata. In ta zaɓi zama, ku tsara da ita: wa za ta kira, wace kalma za ta faɗa wa maƙwabciya a gane tana neman ɗauki, ina ta ajiye katin asibiti da ɗan kuɗin mota. Nasiha ga mijin maza ne za su yi, liman ko wanda yake jin nauyi, kuma ba a ce masa "matarka ta kawo ƙararka".

Ku sa ido kan abu biyu da ke biyo bayan ambaliya da 'yan makonni: mai zuwa neman yara mata aikatau zuwa wani gari da alƙawarin albashi, da auren gaggawa don a rage baki a gida. Duka biyun yunwa ce ke kawo su, don haka gidan da kuka ga ya fara wannan magana shi za a fara kai wa tallafi, kuma a yi ƙoƙari yarinyar ta koma aji da zarar an buɗe makaranta.

Nas Mai Aikin Dare ta ƙara da cewa:

Anti, kafin ruwa ya sauka mutum biyu daga cikinku su taka zuwa Waraka da asibitin da ya fi kusa da ku. Ku tambayi lokutan aikinsu, wa ake samu da dare da ranar Asabar da Lahadi, kuma ko suna da PEP na manya da na yara a ƙasa. Ku rubuta amsar a takarda ɗaya tare da lambar kiran gaggawa ta 112 da lambar jami'ar caji ofis ɗinku, kowace 'yar kwamiti ta riƙe kwafi a leda. Ku ware kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa sau uku a hannun mace ɗaya, wanda ba sai an kira taro kafin a taɓa shi ba, ku kuma yi magana da direba ɗaya amintacce da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. In an sa dokar hana fita irin ta lokacin korona a 2020 ko ta Agustan 2024, ku nemi difi'o tun ranar farko ya san cewa motar kwamiti na iya fita da marar lafiya, kuma ba sai an faɗa wa na kan shinge ciwon da ke damunta ba.